Dalilin da Ya Sa 'Ya'yan Kittani Ba Sa Amfani Sai Sun Sha Daka

Dalilin da ya sa 'ya'yan kittani ba sa yi wa jiki amfani sai an daka su ba abin dariya ba ne, don haka mai dariya a cikinku ya ƙarasa yanzu. Kun dai san su, 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan ƙasa da sheƙi, masu kama da kuɗin cizo, waɗanda masu sayar da magani ke kira bazarul kattan. Wanda cikinsa ya ɗaure yana samun sauƙi da su. Wanda fatarsa ta bushe, man da ke cikinsu yana taimakonsa, tsofaffi kuma suna zubawa a kunu saboda gaɓoɓi. Amma ka haɗiye su ɗungurungum, ko cikin ludayi ne, yadda suka shiga haka za su fita, ba su ko gaida cikinka ba. Duk uwar da ta taɓa wanke wa yaro kashi ta san wannan. In kuma ka daka ka ajiye, ba a jimawa garin zai yi ɗaci da wari. Da can ba haka suke ba. Mutum ne ya ja.

A zamanin da tsiro ke magana, mutane kuma ke da kunnen ji, ɗan kittani tsirara yake, ba shi da ɓawo. Fari ne mai laushi, in ka ɗora a harshe sai ya narke kamar man shanu. Jariri mai dasashi yana ci, tsohuwar da haƙoranta suka ƙare tana ci. Ba ruwansa da turmi, ba ruwansa da wuta.

Akwai wani gari a bakin fadama da ake kira Ƙwarin Maje, can aka fi noma shi. Tun ranar da aka kafa garin, Kittani ya yi sharaɗi da matan wurin. Ya ce, "Gero yana da ƙaiƙayi, gyaɗa tana da kwasfa, kowa ya sa riga don tsoron baki. Ni na zo muku haka don marar ƙarfi ya same ni ba wahala. Abu ɗaya nake roƙo, kada a rufe ni. Marar riga ba ya jure duhu."

Matan suka yarda. Sai ya zama al'ada a garin, kowane gida akwai ƙwaryar kittani a bakin ƙofa, ba faifai a kanta. Mai wucewa ya ɗebi abin da yatsu uku za su ɗauka, ya jefa a baki, ya yi gaba, ba sai ya tambayi kowa ba. In na gida ya ƙare, sai a kife ƙwaryar don kada mutum ya sunkuya a banza.

To, a garin nan akwai wata mace ana ce mata Hakama. Mai wabi ce, wato duk ɗan da ta haifa ba ya kaiwa yaye sai ya koma. Ta haƙa, ta binne, har ta daina sayen zanen goyo. Da ta haifi na ƙarshe, sai tsofaffi suka ce a yi masa dabarar da ake yi, a nuna wa mutuwa cewa ba a damu da shi ba. Aka ɗauke shi ko wanka ba a yi masa ba, aka ajiye a kan juji. Maƙwabciyarta Dela, wadda danga ɗaya ta raba su, ita ta fito kamar mai zuwa zubar da shara, ta ce da ƙarfi, "Kai, wa ya yar da wannan? Na tsinta, ya zama nawa!" Ta ɗauke shi. Aka sa masa suna Ajuji.

Nonon Hakama bai kawo da wuri ba. Dela kuwa tana goyon autanta, Jatau, sai ta ba Jatau dama, ta ba Ajuji hagu. Haka suka tashi, Ajuji yana ce wa Hakama Iya, yana ce wa Dela Inna. Kuma ya rayu. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya kai shekarun korar kaji daga shanya.

Akwai wata kafa a jikin dangar da matan biyu ke bi. Turmin Hakama ya tsage tun tana amarya, ba ta sake wani ba, don na Dela yana nan a gindin bishiyar darbejiya, kuma turmi ɗaya ya ishi gida biyu in zuciya ɗaya ce. Kullum da hantsi za ka ji su.

"Ke Dela, zo ki kwashi tsintaccen ɗanki, ya cinye mini ɗumame!"

"Ɗumamen naki da ko kare sai ya yi shawara? Turo mini shi in wanke masa baki."

"Ɗauki, na bar miki. Mummuna da shi, kai kamar gora."

"Goran ma nawa ne. Ke me kika taɓa tsinta in ban da ƙaya?"

Hakama ba ta taɓa yabon yaron a fili ba. Ko sunansa ba ta faɗa da taushi. Amma in yana barci sai ta kai yatsa bakin hancinsa ta ji ko yana numfashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita duk abin da ta sani game da raya ɗa shi ne ɓoyewa. Ta ɓoye shi daga mutuwa a kan juji, ta ga ya yi aiki, sai ta ɗauka ɓoyo ne maganin komai.

Sai fari ya zo. Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya fito ya ƙone a tsaye. Aka ci abin da ke rumbu, aka ci iri. Damina ta sake zagayowa, sama ta yi fari fat kamar an share. Maza suka ɗaure kaya suka yi kudu neman abinci, har da mijin Hakama, har da mijin Dela da manyan 'ya'yanta. Aka bar mata da yara da tsofaffi.

Aka koma cin dusa. Da dusa ta ƙare aka koma 'ya'yan ƙarangiya da busasshen ganye. Irin wannan abinci yana cika ciki, amma ba ya fita. Sai ka ga yaro ƙafafu kamar kara, ciki ya yi tauri kamar dutse, fata ta yi furu-furu tana tsagewa. Abin da ke tsakanin yara da kabari a shekarar nan shi ne kittani. Ɗan kaɗan a harshe sai ciki ya saki, jiki ya sami mai, yaro ya iya ɗaga kai. Kuma ku ji mutanen da: duk da yunwar nan ba wanda ya wuce yatsu uku a ƙwaryar wani. Amma fadama ta bushe, ba sabo. Ƙwarya ta kife a wannan ƙofa, ta kife a waccan, har layi ya zama kamar an shanya kawunan matattu.

Hakama tana da wani ɗan fili a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Kittani ya fito a wurin da kansa, ya yi kyau, ba wanda ya lura. Ta girbe shi a hankali, ta sussuke da hannu, sai ga shi ya cika tulu har wuya. Ta dubi tulun, ta dubi Ajuji. Ba ta san yaushe ruwa zai dawo ba. Ta fita ta kife ƙwaryar ƙofarta. Ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a bakin zanenta na ci yau da gobe, sauran ta rufe bakin tulun da sakaina, ta kwaɓa laka ta yaɓe, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Tana miƙewa sai ta ji 'yar murya daga cikin tulun.

"Hakama, an yi duhu."

Ta ce, "Ku yi haƙuri, na ɗan lokaci ne."

"Ba haka muka yi da iyayenki ba."

"Iyayena ba su binne abin da na binne ba."

"Muna jin kukan yaro ta bayan danga."

Ta ce, "Ba nawa ba ne." Ta jawo tabarma ta toshe ƙarƙashin gadon.

Kullum da safe sai ta kwance bakin zane, ta ɗora wa Ajuji a harshe, ta ce ya rufe baki. Wata rana ya ce, "Iya, Jatau fa? Cikinsa yana ciwo, ba ya fitowa wasa."

"Uwarsa tana da nata. Haɗiye."

Bai haɗiye duka ba. Da ta juya baya ya tofa rabi a tafin hannu, ya dunƙule, ya bi ta kafar danga. Amma na gaya muku a lokacin narkewa yake. Kafin ya isa, ba komai a hannun sai maiƙo. Ya miƙa wa Jatau tafin, Jatau ya lashe. Dela tana zaune tana kallo. Ta kama hannun yaron ta shinshina. Ta shafa kansa, ta miƙe.

Ba ta bi ta kafar danga ba. Ta zagaya ta ƙofar gida.

"Salamu alaikum."

Hakama ta ce, "Yau kuma? Yaushe kika fara sallama a gidan nan?"

"Tun da na ga ƙwarya a kife."

Suka zauna. Dela ta ce, "Ƙawa, ba doguwar magana na zo yi ba. Jatau ya kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Abin da yatsu uku za su ɗauka nake so."

"Ai kin ga ƙwaryar. Ya ƙare."

"Na shinshina hannun Ajuji."

"Man kaɗe ne, ragowar na bara."

Dela ta yi wata dariya marar daɗi. "Man kaɗe. Hakama, ni ce fa. Ni na dafa miki ruwan wankan jego. Dubi fatar yaron nan, tana sheƙi kamar ta ɗan sarki. Ke kin iya ƙarya, fatarsa ba ta iya ba."

Hakama ta kau da kai. Da ta buɗe baki kuwa, gara ma da ta yi shiru. Ta ce, "Ke kin haifa sun tsaya. Manyanki suna can tare da ubansu. In wannan ya tafi kina da wasu. Ni wa nake da shi?"

Dela ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. "Ashe 'ya'ya ma lissafinsu ake yi kamar awaki."

"Ban san yaushe ruwa zai zo ba, Dela. In na ba ki, gobe wata za ta zo, jibi gari duka."

"Ban zo karɓar ladan nono ba. Wanda na ba shi na ba shi don Allah." Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta. "Allah ya bar miki shi."

Ta fita ta ƙofar da ta shigo. Ranar nan Hakama ta saro ƙaya ta toshe kafar danga. Kuma tun daga ranar, kafin Ajuji ya leƙa waje, sai ta ɗebi toka ta shafe masa fuska da hannu da ƙafa, don ya yi furu-furu kamar sauran yara. Yana kuka yana cewa tokar na yi masa ƙaiƙayi, tana cewa ya yi mata shiru.

Jatau bai daɗe ba. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Hakama tana tsakar gida ta ji Dela ta yi salati sau ɗaya, ba ihu, ba kururuwa. Ta gane. Ta shafa wa Ajuji toka, ta kama hannunsa, suka zagaya ta ƙofa zuwa gaisuwa.

"Ya haƙuri, Dela? Allah ya sa mai ceto ne."

"Amin. Allah ya raya naki."

Ajuji ya saki hannun uwarsa ya je ya faɗa jikin Dela. "Inna, ina Jatau?" Dela ta rungume shi. Da ta sake shi, tokar ta goge a zanenta, kumatunsa ya fito yana sheƙi a gaban matan da ke zaune. Kowa ya gani. Hakama ta ja shi suka fita.

Ana nan, ƙullin bakin zane ya ƙare. Hakama ta jawo tulu, ta fasa lakar. Tana girgiza shi sai ta ji wani ƙara da ba ta saba ji ba, kamar tsakuwa a cikin gora. Ta zuba a hannu. Farin nan mai laushi babu shi. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu duhu, masu tauri, masu santsi, suna zamewa ta tsakanin yatsu.

Ta ce, "Me ya same ku?"

Muryar ta fito a shaƙe, kamar daga bayan ƙofa. "Mun kira ki har muka gaji. Duhu ya yi mana yawa, kowannenmu ya ja fata ya rufe kansa."

"To ga shi na buɗe. Ku tuɓe."

"Ba mu iya ba. Abin da kika sani yana nan a ciki, man da ƙarfin duka. Amma sai an fasa mu."

"Da me?"

"Da turmi."

Hakama ta zauna a ƙasa daɓas. Turmi yana gidan Dela. Kuma a garin nan an daɗe ba a ji ƙarar taɓarya ba, don ba abin dakawa. Duk wadda ta buga turmi sau ɗaya, har bakin fadama sai an ji.

Ta ce, "In na daka, gari zai ji."

"Zai ji."

Nan ne fa, 'ya'yan nan, da tana da rabo da ta miƙe a take. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ta ce bari ta gwada dabara. Ta ba Ajuji su haka nan, ya haɗiye da ruwa. Suka fita yadda suka shiga, ta gan su da idonta suna sheƙi. Ta ce ya tauna, suka riƙa zille wa haƙoransa. Ta tauna masa da kanta, ɗaya ya fashe, goma suka tsere. Ta jiƙa su, suka ba da yauƙi, cikinsa ya ɗan saki, ta yi murna, amma yauƙi ba ya tsayar da ƙafa, man yana kulle a ciki. Ta ɗora su a dutsen niƙa tana murzawa a hankali don kada a ji, suka watse ta ko'ina, ta bi su da rarrafe tana tsinta ɗaya ɗaya.

Kullum sai ta je bakin danga, ta tsaya gaban ƙayar da ta sa da hannunta, ta hango turmin a kife a gindin darbejiya, ta hango Dela zaune ita kaɗai. Sai ta ce gobe. Me za ta ce mata? Ara mini turmi in daka abin da na ce miki babu?

Yanzu ba ta bukatar toka. Fatar Ajuji ta yi furu-furu da kanta. Cikinsa ya ɗaure, ƙafafunsa suka zama kara. Ya daina kuka, wannan kuwa ita ta fi kowa sanin ma'anarsa. Wata rana da tsakar rana ya buɗe ido ya ce, "Iya, kai ni wurin Inna."

Sai a lokacin ta tashi. Ta ɗauki tulun ta ɗora a ka. Ta kama ƙayar da hannu tsirara ta fizge, jini na zuba ba ta ji ba. Ta shiga ta sauke tulun a gaban Dela, ta durƙusa.

"Ga shi. Ƙarya na yi miki. Sun yi ɓawo, sai an daka. Yaron yana tafiya."

Dela ta leƙa tulun. Ta zura hannu a ciki, ya nutse har gwiwar hannu bai taɓa gindi ba. Ta zaro shi a hankali, ƙwayoyin suna zubowa daga yatsunta.

Ta ce, "Ashe da yawa ne."

Hakama ta kifa goshi a ƙasa. "Ki zage ni, ki doke ni, amma ki ara mini turmi."

Dela ba ta zage ta ba. Ta je ta birkito turmin, ta share yanar gizo da bakin zane. Ta ɗauko taɓarya biyu, ta jefa wa Hakama ɗaya. "Tashi. Ba don ke ba. Nonona ne a jikinsa."

Suka fara. Wannan ta ɗaga, wannan ta sauke, kamar yadda suka saba tun suna amare, sai dai yau ba waƙa, ba tafi, ba tsokana. Ƙarar ta tashi ta ratsa garin da ya yi shiru kamar maƙabarta. Tsofaffi suka ɗaga kai. Mata suka fito da yara a baya, da yara a kafaɗa, kowace da ɗan ƙoƙo a hannu, suna bin ƙarar har gidan Dela. Suka tsaya suka yi da'ira, suna kallon tulun, suna kallon Hakama. Wata tsohuwa da ta binne jikoki a makon ta ce, "Wannan duk a ɗakinki yake?"

Da ƙwayoyin suka fashe, ƙanshin man ya tashi, garin ya yi laushi. Hakama ta dumbuza, ta dama da ruwa, ta ruga ta kafar danga. Dela ta bi ta.

Ajuji yana kwance yadda aka bar shi. Dela ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta tallafi kansa. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ce, "Inna." Hakama ta kai masa ludayi baki. "Sha, ɗan nan. Sha, kyakkyawa, sha, ɗana." Ranar ce ta fara yabonsa a fili. Ta zuba. Ruwan ya tsaya a bakinsa, ya gangaro ta gefe, ya bi wuyansa. Maƙogwaron ya riga ya rufe. Ta sake zubawa, ya sake gangarowa. Ta kai yatsa bakin hancinsa kamar yadda ta saba. Ta daɗe ba ta ɗauke yatsan ba.

Dela ce ta janye mata hannu. Ta ce, "Ni na tsince shi a juji, ni zan wanke shi."

Aka binne shi kusa da Jatau.

Tulun nan kuwa, kullum sai a ɗebi kaɗan a daka a gidan Dela, a raba wa duk wanda ya zo. Shi ya riƙe yaran garin har ruwa ya sauka. Ba yaron da ya sake mutuwa da ɗaurewar ciki bayan ranar. Da damina ta tsaya, har akwai ragowar da aka yi iri da shi. Abin da Hakama ta ce ba zai ishi yara biyu ba, ya ishi gari, sai su biyun ne kawai bai samu ba.

A cikin masu karɓa akwai wadda ta ce ita ma bari ta yi wayo. Ta riƙa tara rabonta na garin kittani a ɓoye cikin ƙoƙo, don gaba. Da ta buɗe ta tarar ya yi ɗaci da wari, ko akuya ba ta ci. Ta kawo ƙara wurin turmi. Hakama tana wurin, ta durƙusa gaban ragowar ƙwayoyin, ta ce, "Kittani, ni na yi laifi, kuma an karɓi abin da za a karɓa a wurina. Ka tuɓe rigar nan saboda 'ya'yan wasu. Akwai jarirai, akwai marasa haƙori."

Kittani ya ce, "Rigar da aka sa a duhu ba ta fita. Na amince da ku tsirara, kun ga abin da aka yi. Daga yau wanda ya ɓoye ni, zan zauna masa shekara ban lalace ba, kuma ban amfane shi da komai ba. Wanda yake son abin da ke cikina, sai ya buga turmi maƙwabci ya ji. In ya daka kuma ba zan jira shi ba, ko ya ci ya ba wani, ko in yi ɗaci."

Daga wannan bai sake magana da ɗan Adam ba.

Hakama da Dela sun tsufa a gidajen nan biyu. Ba a sake toshe kafar danga ba, turmi kuma ɗaya ne har suka mutu. Mijin Hakama bai dawo ba, ba ta kuma sake haihuwa ba. Kullum da hantsi ita ke daka kittani, ta zuba a ƙwarya a bakin ƙofa, 'ya'yan mutane su zo su ɗiba. Dela tana gaishe ta, tana amsawa. In ɗaya ba ta da lafiya ɗaya tana kai mata kunu. Amma ba a sake jin wata ta tsokani wata ta kan danga ba, ko sau ɗaya.

Shi ya sa har yau ɗan kittani yake da ɓawo mai tauri da santsi, in ka haɗiye shi haka nan ya wuce ta cikinka bai san ka ba. Shi ya sa sai ya sha daka yake ba da abin da ke cikinsa, kuma in an daka ba ya ajiyuwa. Yanzu ke, ɗauko taɓarya. Kai kuma ɗauko ƙoƙo biyu, ɗaya namu, ɗaya na gidan baya. Da mun fara za su ji ƙarar turmin.